Matar da Kofinta Ya Fi Kanta Girma

Madam Zou ta ɗauki wuƙar fenti ta kankare fuskar da Pan Defu ya kwashe safiya guda yana yi. Ja biyu kawai ta yi, kumatun da ya sha wahala a kansu suka koma dunƙulen fenti a bakin wuƙa, ta goge a tsumma.

"Kawu Pan, wa ya aike ka ka warkar da ita?"

"Ban warkar da kowa ba. Ɗan gyara na yi mata."

"Kar ka gyara. Yadda ka gan ta a takardar nan, haka za ka yi ta. Koriya ce, ka bar ta koriya. Kofin ma na ga ka sake rage masa girma." Ta duba wayarta. "Yau kwana uku ke nan. Ƙarfe biyar zan dawo. In ta yi, aiki naka ne, gadon da ke ɗakin sama ma naka ne. In ba ta yi ba, ba faɗa ba ne, sai mu yi sallama."

Ta fita, takalmanta na ƙwas-ƙwas a kan siminti. Pan ya tsaya da burushi a hannu yana kallon takardar da aka manna a bango.

Hoton wani zane ne da wani Bature ya yi shekara ɗari da suka wuce: wurin shan gahawa a bakin titi, tebura a waje, mutane zazzaune. A faɗe dai abu mai sauƙi. Amma ƙasar wurin ja ce jawur, sama ruwan ɗorawa, bishiya ta karkace kamar za ta faɗo wa mutane, kujeru kuwa babu wadda ƙafafunta huɗu suka yi tsawo ɗaya. A teburin gaba wata mata ce zaune ita kaɗai, fuskarta koriya shar, ido ɗaya ya fi ɗaya girma, ta riƙe kofi da hannu biyu, kofin ya fi kanta girma. Wani kamfanin otal-otal na ƙasar waje ne ya yi odar guda ɗari uku. A shagon Madam Zou, kamar sauran shagunan wannan unguwa ta masu zane a Shenzhen, ba mutum ɗaya ke yin zane ba. Ana jera ƙyallaye ashirin a bango, mai sama ya bi ya yi sama, mai bishiya ya bi ya yi bishiya, mai kujeru ya biyo baya. Mai yin matar da kofinta ne ya koma garinsu, shi ya sa ake neman wani.

Pan ba baƙon burushi ba ne. Shekara talatin da takwas ya yi yana zana mamata a wani ƙaramin gari a lardin Jiangxi. In an yi rasuwa sai a kawo masa ɗan hoton katin shaida, ko wanda aka ɗauka a gadon asibiti, ya ɗora masa gilashinsa mai gida-gida kamar na dara, ya kafa madubin ƙara girma, ya bi gida bayan gida da garin gawayi da auduga har fuskar ta fito babba, wadda za a rataya a zaure a riƙa kunna mata turare. Kuma ba ya mayar wa mutane da mamacinsu yadda ciwo ya bar shi. Yakan cike kumatu, ya ɗaga ido, ya share rama. Mata sukan karɓi hoton su fashe da kuka su ce kamar zai yi magana. Sai wayar hannu ta zo, shagon ɗaukar hoto ya fara yin aikinsa na kwana huɗu a minti goma, aka daina hawa matakalarsa.

Abu ɗaya ne ya haramta wa kansa tun yana saurayi: zana mai rai. Sau ɗaya ya gwada da wasa, ya zana mai askin layinsu, mai aski bai ga sabuwar shekara ba. Mutumin ya haura tamanin, kuma kwalin taba biyu yake sha a rana, amma wa zai tsaya duba wannan? Tun daga nan in Pan ya ƙura wa mutum ido a kasuwa sai mutumin ya kare fuska da mafici. Shi ma yakan yi dariyar abin a gaban jama'a, amma ko matarsa bai taɓa zanawa ba.

"Guang," ya ce da mutumin da ke gefensa, wani lukuti mai singileti wanda shekara goma sha biyu sama kawai yake yi. "Faɗa mini gaskiya. Mutanen nan na cikin zane, masu rai ne ko matattu?"

"Shekara ɗari fa, Kawu. Ai ko kujerun sun mutu."

"Ba haka nake nufi ba. Lokacin da ya zana su."

"Masu rai mana. Gahawa suke sha."

"To me ya sa ya yi musu fuskar gawar kwana uku?"

Guang ya lakato fenti ruwan ɗorawa da burushi mai faɗin tafin hannu, ya shafa wa ƙyalle ɗaya, ya matsa na gaba, bai ko kalli takardar ba. "An ce wai abin da yake ji a ransa yake zanawa, ba abin da yake gani ba."

"Me yake ji?"

"Ina na sani? Ƙila ciwon ciki. Ni dai sama nake yi."

"Kuma aka saya?"

"An ce kuɗin na asalin zai sayi layin nan duka, har da Madam Zou a ciki."

Abin da ya ɗaure wa Pan kai ke nan. Ranar farko ya fito da gilashinsa da madubinsa, ya bi fuskar matar gida-gida, kowane jan burushi na Baturen ya kwaikwaye shi har inda gashin burushi ya tsage. Yini guda ya yi a kan ido ɗaya da rabin hanci. Madam Zou ta duba ta ce komai yana wurinsa amma abin ya sandare, kuma in haka zai yi, ɗari ukun sai dai jikokinsa su ƙarasa. Rana ta biyu ya ce to, tunda ɓatawa ake so, bari ya ɓata. Ya koma hannun hagu, ya runtse ido ɗaya. Ta ce wannan kuma ɓarnar fenti ce. Ka yi daidai a ce ba daidai ba, ka ɓata a ce ka ɓata. Yau da safe hannunsa ya gaji da jiran shawara, ya koma abin da ya sani, ya cika wa matar kumatu.

Ba don son fenti ya nace ba. Matarsa, Shuying, ana yi mata wankin ƙoda sau uku a mako a wani asibiti da ke tashar bas shida daga nan. 'Yarsu ce ta kawo ta birni, amma gidan 'yar ɗaki ɗaya ne da falo, ga miji ga yara biyu. Uwar ta samu kujerar falo, uban kuma sati uku ke nan yana shimfiɗa kwali a baranda, surukinsa yana tsallake shi kowace safiya da gaisuwar da ta fi zagi ciwo. Jiya 'yar ta ce, tana kallon ƙasa, in aikin nan bai yiwu ba gara Baba ya koma gida ya kula da gidan, za su riƙa waya. Gida kuwa tafiyar awa goma sha ɗaya ce. Shekara arba'in da aurensu, bai taɓa yin mako guda bai ga Shuying ba.

Ƙarfe goma sha biyu da rabi ya wanke hannu ya hau bas, domin yau ranar wanki ce kuma shi ke ɗauko ta. Ya same ta a bencin ƙofar asibiti, ta naɗe hannun da ake sa mata allura da gyale, tana yi wa mai gadi faɗa a kan inda ya ajiye kwandon shara.

"Tsoho, ka makara."

"Minti biyar ne."

"Minti biyar a wurin mai lafiya. Kama ni."

Ba ta iya hawa bas nan take bayan wanki sai ta huta, saboda haka suka zauna a wurin mai taliya da ke tsallaken titi, tebura huɗu a ƙarƙashin rumfar tamfol. Ya sayi kwano ɗaya, ya tsame mata taliyar da tsinken cin abinci, ya girgije romon kafin ya miƙa mata. Likita ya ƙayyade mata ruwa: 'yar kwalba ɗaya ce ta yini guda, da shayi da romo da na shan magani duk a ciki. Ta fito da kwalbar daga jaka, ta zuba a murfin, ta jiƙa leɓe, ta mayar da sauran. A teburin gefe wani mai kai saƙo a babur ya ɗaga kwanonsa da hannu biyu yana kwankwaɗar romo, ta bi maƙogwaronsa da kallo har ya ajiye.

"Nuna mini matar da ta gagare ka," ta ce.

Ya zaro kwafin takardar daga aljihu ya warware mata a kan tebur. Ya fara kawo ƙara: ga ido bai daidaita ba, ga kafaɗa ta goce, ga kofi, a ce wai kofi ya fi kan mutum.

"Kofin daidai yake."

"Ke kuma me kika sani? Dubi hannunta, dubi kofin."

"Na ce maka daidai yake. Ƙishirwa take ji." Ta ɗora yatsa a kansa. "Ni in na rufe ido a kan gadon can, injin yana ta juyawa, kofin da nake gani ya fi wannan. Bokiti ne guda. Wanda ya zana wannan ya san ƙishirwa, ko shi ko wani nasa."

"To fuskar fa? An taɓa yin mutum kore?"

Shuying ta yi dariya har ta sarƙe da tari. "Shekara talatin da takwas kana kallon fuskar mutane ta cikin gilashi. Ɗaga kai, tsoho."

Ya ɗaga. Rana tsaka ce, ta bugi tamfol ɗin ta sama, tamfol kuwa kore ne. Mai taliya kore, mai babur kore, bayan hannunsa ma kore. Ashe rumfa ce. Ashe Baturen a ƙarƙashin irin wannan rumfa ya zauna, ba wani abin asiri ba ne. Har ya fara murmushi, yana jin haushin kwana ukun da ya ɓata.

Da suka fito rana za su tsallaka titi, mai babur ya wuce su da fuskarsa ta mutane, ja da zufa. Pan ya dubi hannunsa, ya dawo daidai. Ya juya ya dubi Shuying. Tata ba ta dawo ba. Ba koriya shar ba ce, wani launi ne tsakanin toka da ganyen da ya fara yaushi, ya kwanta a ƙarƙashin idanunta da gefen bakinta. Ido ɗaya ya kumbura ya fi ɗaya. Kafaɗar hannun allura ta sauka. Sati uku ke nan yana ganinta kullum, kuma kullum idonsa yana yi mata abin da hannunsa ya saba yi wa hotunan mutane, yana cike kumatu yana share rama, shi bai sani ba. Tsoro ya kama shi a tsakiyar titi.

"Me kake kallo haka? Kar ka ƙura mini idon nan naka, ni ba mai aski ba ce."

"Ba komai."

"Ƙarya kake. Riƙe ni, mota na zuwa."

Kafin ya kai ta gidan 'yarsu, ya hau da ita bene na huɗu mataki-mataki tana hutawa, ya dawo ta cikin cunkoso, ƙarfe huɗu ta gota. Guang ya riga ya manna masa sabon ƙyalle, komai an yi, sama da bishiya da kujeru, sai gurbin matar fari fat a gaba.

"Kawu, ko awa ɗaya ba ta rage maka ba. In ka ga ba za ta yiwu ba, akwai shagon da ke neman mai zana karnukan masu kuɗi. Su ana son a ƙara musu kyau."

Pan ya buɗe jakarsa zai ɗauko gilashi, ya ga babu lokacin gida-gida, ya rufe. Ya matse kore a faranti, ya ga ya cika rai, ya sa toka, ya ɗiga ruwan ɗorawa, ya sake sa toka. Bai san abin da yake yi ba, kuma ya san bai sani ba. Da kofin ya fara, ya yi shi ƙato, bakin kofin ya karkace bai gyara ba. Ya yi hannaye biyu sun rungume shi. Da ya zo kan fuska ya ɗaga kai zai dubi takarda, sai ya tarar duk inda launi zai kwanta ya riga ya sani: nan ƙarƙashin ido, nan gefen baki, wannan idon ya fi wancan. Haushi ya turnuƙe shi, bai san na wa ba, ko na Baturen, ko na injin asibiti, ko na surukinsa, ya riƙa danna burushin da ƙarfi har ƙyallen yana motsi a bango. Minti ashirin da 'yan kai ya ajiye.

Ya ja baya ya duba. A ganinsa wannan ya fi na jiya muni. Ya fara tunanin ko jirgin ƙasan safe zai bi ya koma gida ko na rana.

Ƙarfe biyar daidai Madam Zou ta shigo. Ta tsaya a gaban ƙyallen, ta ja baya taku uku, ta dawo, ta sake ja baya.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne."

"Da wane hannun?"

"Na dama."

Ta ɗaga waya ta ɗauki hoto ta tura wa dillalin masu otal. Suka tsaya su uku suna jira, fanka na juyawa. Can wayar ta yi ƙara, ta karanta, ta ɗaga gira.

"Sun ce wannan suke so. Ita ce samfur daga yau. Ɗari uku, irinta sak. Makullin sama yana wurin Guang, gado na biyu daga taga."

"Madam," in ji Pan, "me na yi daidai?"

"Ban sani ba. Kuma kar ka cika tambaya, kar abin ya gudu."

Guang ya matso yana goge hannu a singiletinsa, ya kai hanci kusa da ƙyallen. "Kawu, wannan ɗigon fa? Nan ƙarƙashin kunne. Babu shi a takarda."

Pan ya matso. Baƙin ɗigo ne ƙarami a ƙarƙashin kunnen hagu, daidai inda Shuying take da tawadar Allah. Ya dubi haɓar. Ya dubi yadda leɓen ƙasa ya ɗan turo gaba, irin na mai shirin yi wa mai gadi faɗa. Ya rarumi wuƙar fenti, Madam Zou ta cafke masa hannu.

"Me za ka yi?"

"Kankarewa zan yi, in sake wata."

"Kanka ɗaya kuwa? Na riga na tura, sun amince."

"Matata ce."

"To madalla. Ka gaya mata ta yi farin jini."

"Tana da rai, Madam."

Madam Zou 'yar birni ce, amma a zauren gidansu akwai hoton kakarta na gawayi, ta san irin hannun da ke yin sa da abin da ake faɗa a kansa. Ta sake shi a hankali.

"Kawu, ni ba zan ce maka akwai ko babu ba. Abin da na sani, in ka kankare ta, ni ba ni da samfur, kai kuma ba ka da gado. Kuma ba na jin za ka iya sake yin wata da ba ita ba. Ka yi tunani." Wayarta ta sake yin ƙara, ta fita amsawa.

Pan ya tsaya a bakin ƙofa, wuƙar na hannunsa, ya kira lambar Shuying da ɗaya hannun.

"Tsohuwa."

"An kore ka?"

"An ɗauke ni."

"To muryar mece ce wannan, kamar wanda aka yi wa sata?"

Ya gaya mata, tun daga kofi har tawadar Allah. Yana jin talabijin a bayanta da jikokinsu suna rigima a kan wani abu.

"Ka yi ni da kyau?"

"A'a."

"Koriya?"

"Koriya."

"Gara haka. Da ka yi mini kumatun amarya, da na san ka fara shirin rataye ni a zaure." Ta yi tari. "Guda nawa ka ce?"

"Ɗari uku."

"Ina za a kai ni?"

"Otal-otal. Ƙasashen waje."

"Ni da ko jirgin sama ban taɓa hawa ba." Ya ji ƙarar murfin 'yar kwalbarta tana buɗewa tana rufewa. "Tsoho, kofin fa? Akwai wani abu a ciki?"

Ya waiwaya. A takardar Baturen cikin kofin baƙi ne, ba a ganin komai, shi ma haka ya yi shi.

"Babu komai."

"To ka zuba mini mana."

Ya koma ciki. Har yanzu bai san ko abin da ya yi laifi ne ko ba laifi ba, kuma babu wanda zai tambaya. Ya ajiye wuƙar a kan tebur, ya ɗauki ƙaramin burushi, ya lakato fari da ɗan shuɗi.

"Madam fa ta ce kar a taɓa," in ji Guang. Ya dubi fuskar Pan, sannan ya juya ya fuskanci bango. "Ni dai sama nake yi."

Pan ya ja layi ɗaya a bakin kofin, ruwa ya cika shi taf har yana neman zuba. Sannan ya matsa gaban ƙyalle na gaba, ya fara da kofin.